MAI ƘIDAYAR HARAJI YA TSAYA A ZAURE

Zuwa ga rassan Difa, Shatimari, Geskeru, Maine-Sorowa, Boso da Gigimi. A karanta wa jama'a a taron reshe ran kasuwa.

Ya ku 'yan'uwa, akwai tambayar da ya kamata kowane reshe ya san amsarta tun ba a yi sallama a ƙofar ɗayanmu ba. Ma'aikacin da aka aiko ya yanka haraji, watau lanho, ko ya auna gida, ko ya ƙidaya mutane da dabbobi, shin yana da ikon kutsawa cikin gidan mutum ba da yardar mai gida ba? Amsarmu ita ce ba shi da shi. Iyakarsa zaure.

Kada wani ya juya mana magana. Ba mu ce kada a biya haraji ba. Ƙasar da ta karɓi 'yancinta ran 3 ga Agusta 1960 ba ta da mai ɗauke mata kaya sai 'ya'yanta. Rijiyar burtsatse, da makaranta, da gidan likita, da allurar shanu, ba su tsayuwa da fatar baki. Harajin ƙaramar hukuma da ake tarawa ta hannun bulama da mai gari da arɗo, da harajin gidaje na cikin gari, duka hakki ne a kan wanda ya hau kansa. Gardamarmu a kan hanyar da ake bi ce.

Tsofaffinmu sun san yadda ƙidaya take a zamanin Faransa. Kumandan ya fito rangadi da gardi, a tara gari, a rubuta kawuna, a rubuta dabbobi. Me ya fito daga ciki? Mutane suka koyi ɓoye 'ya'yansu. Makiyaya suka riƙa ƙetare Komadugu da garkensu zuwa ƙasar Ingilishi, can kuma jangali na jiransu, su sake juyowa. Har malamin dabbobi da ya zo da allura aka riƙa gudunsa, don ana tsoron lissafinsa ya faɗa hannun mai haraji. Talaka ya wahala, baitulmali kuwa bai sami lissafin gaskiya ba. A cikin shekarun 1970, bayan babban fari, gwamnatin Seyni Kountché ta soke harajin kai da na dabbobi. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. To, abin da aka kora ta ƙofa kada a bari ya komo ta katanga.

Wanda yake tsammani shiga gida ƙaramin abu ne, ya dubi abin da ya auku a kudancin Nijeriya. A watan Nuwamba 1929, a garin Oloko na ƙasar Ibo, wani ɗan aiken sarkin da Turawa suka naɗa, Okugo, ya shiga gidan wata mata mai suna Nwanyeruwa, ya ce ta ƙidaya masa awakinta da tumakinta da mutanen gidanta. Cacar baki ta tashi, ta kai ga kokawa. Kafin shekara ta fita, dubban mata sun tashi a lardunan Owerri da Kalaba, an rushe kotuna, bindigar Turawa ta kashe mata fiye da 50. Wannan shi ne yaƙin matan Aba. Asalinsa ƙafar mutum guda ce da ta wuce inda ya kamata ta tsaya.

Su kansu Ingilishi sun ɗanɗana wannan a ƙasarsu. A 1662 aka sa harajin murhu a Ingila, sule 2 a shekara a kan kowane murhu. Murhu kuwa ba ya ƙirguwa sai an shiga ɗaki. Jama'a suka ƙi jinin masu ƙirgar nan ƙwarai, har a 1689 aka soke harajin. A 1696 aka kawo na tagogi, wanda mai ƙirga zai iya lissafawa yana tsaye a kan hanya. Shi ma yana da nasa aibi, gama waɗansu sun toshe tagoginsu don gudun biya. Amma hukuma ta gane cewa harajin da ba ya karɓuwa sai an keta gida, asararsa ta fi ribarsa.

Mu nan ba mu jira Bature ya koya mana ba. Aya ta 27 cikin Suratun Nur ta hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama, aya ta 28 kuma ta nuna in an ce ka koma, ka koma. Don haka kakanninmu suka gina zaure. Doka ma ta bi sawu. Tun 1961 dokar hukunta laifuffuka ta Nijar ta lissafa keta gida cikin laifuffuka. Tsarin mulkin 2010, a sashe na 27, ya ce gida ba a keta shi, ba a bincike cikinsa sai bisa ƙa'idar da doka ta shimfiɗa. An dakatar da tsarin mulkin nan a watan Yuli 2023, amma ba shi ya haifi hurumin gida ba, tarar da shi ya yi.

Akwai abu biyu da suka shafi ƙasarmu ta Manga musamman.

Na farko, dokar ta-ɓaci. Bayan harin da Boko Haram ta kai Boso da Difa ran 6 ga Fabrairu 2015, aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, ta ba jami'an tsaro ikon binciken gidaje dare da rana. An ba da ikon nan don neman makami da mai ɗauke da shi. Ba a ba da shi don ƙirga ɗakuna ko buhunan tattasai ba. Yaron da ya tashi yana ganin ana shiga gidan ubansa ba sallama zai zaci haka duniya take. Aikin reshe ne ya koya wa jama'a bambancin soja mai neman bindiga da malami mai riƙe da littafin haraji.

Na biyu, gidan da ba shi da katanga. A ƙarshen 2014 aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira a Sayam Forage, aka kai mutanen da suka gudo daga Damasak. Dubban 'yan ƙasa da yaƙi ya tasa daga bakin Komadugu da tsibiran tafkin Cadi suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya. Ga kuma Fulani da Larabawa da Tubawa masu rugage kewaye da rijiyoyi. Waɗannan duka ba su da zaure. To, mu muna cewa bukkar zana gida ce, tantin makiyayi gida ne, daidai da soron attajirin Difa. Inda tabarmar ƙofa take, nan zauren yake.

Wani zai ce: in an hana shiga, mai dukiya zai ɓoye, nauyi ya komo kan talaka. Magana ce mai kama hankali, amma tana da magani. Faɗin fili da tsawon gini suna aunuwa daga waje. Kanti da rumfar kasuwa a buɗe suke ga kowa. Garkar tattasai ana iya auna ta da rana, mai ita yana tsaye. In kuwa ana tuhumar wani da ƙarya, a kai maganar gaban alƙali, ya ba da takarda mai ɗauke da sunan gidan da dalilin bincike. Ku lura kuma, gidan attajiri mai ƙofar ƙarfe ba shi ake faɗawa ba. Inda katanga ta gajarta, nan ake tsallakewa.

Saboda haka ga abin da muke so kowane reshe ya riƙe:

1. In mai ƙidaya ya zo, a karɓe shi da mutunci, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a ba shi ruwa.

2. A nemi ganin takardar aikinsa, a kira bulama ko mai unguwa ya zama shaida.

3. A faɗa masa gaskiyar abin da aka mallaka. Wanda ya ɓoye, maƙwabcinsa ya cuta.

4. In mai gida ba ya nan, kada mata da yara su buɗe masa, ya sa rana ya komo.

5. Kada a biya ko dala ɗaya ba a karɓi rasit ba.

6. In ya matsa sai ya shiga, kada a ɗaga masa hannu. A rubuta sunansa da rana da shaidu biyu, a kai ƙara wurin shugabansa ko gaban alƙali.

Za mu biya abin da yake kanmu a bakin ƙofa, a gaban shaidu. Abin da yake bayan zaure kuwa na mai gida ne da iyalinsa.

Wassalam.