A bar lasifika kunne, ko a kashe?

Masu saurarenmu, akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu son kayan sauti a Turai, kan lasifikar da ake kira elektirostatik, irin wadda kamfanin Quad na Ingila ya fito da ita a 1957. Cikinta wata ƴar leda ce siririya da ake ɗora wa dubban bolt. Wasu na cewa a bar ta kunne dare da rana: kuran kaɗan take ci, kuma sai ta ɗan jima kunne sautinta ke daidaita.

To, mu dai nan ba mu yarda ba. Ledar nan in tana da caji ƙura take jawowa, kamar gilashin tsohuwar talabijin. Ku dubi hunturun Damagaram ko na Tawa! Ga kuma ɗaukewar kuran. Lokacin da ya dawo da ƙarfi ne yake ƙona kaya.

Ba kowa ke da irin wannan lasifika ba, mun sani. Amma amfulin masallaci da na masu kiɗan biki duk kuran ɗaya suke sha. An gama salla? A kashe, a zare waya daga bango, a lulluɓe da zane. In ya ƙone, mutanen unguwa ne za su sake haɗa kuɗin gyara.