Sunan Kifi: Aikin Masunci da na Masanin Kimiyya

Duk wanda ya zauna da masuntan Gulbin Rima, daga Goronyo zuwa Kwargaba ta ƙasar Wurno, ya san sunayen kifi irin su tarwaɗa da gargaza da ƙurungu. Amma fa suna ɗaya yakan rufe jinsi da yawa. Dangin ƙurungu kaɗai sun haura jinsi 100 a Afirka.

A shekarar 1934 ƙamus ɗin Bargery ya tara mana sunaye, amma tantance jinsi ba aikin ƙamus ba ne. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya fito da dabarar karanta wani ɗan yanki na sinadarin gado, wato DNA, mai haruffa kusan 650, a gwada shi da na kifayen da aka riga aka sani. Ta haka ko da ɗan gutsuren ƙaya ko tsoka ana iya gane jinsin kifi.

To, sai dai na'ura ba ta san abin da Basarke ke kiran kifin ba, balle lokacin da yake hayayyafa ko wurin da yake kwanciya. Wannan ilmi yana bakin dattawa, kuma kullum raguwa suke yi.

Saboda haka ra'ayina shi ne, Sashen Hausa ya haɗa kai da masana halittu. Mu mu rubuta suna daga bakin masunci, su kuma su karanta gadon kifin, a ajiye su tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu dace.