Mu Zaga Duniya: Singafur, garin da ya kori daji kuma ya kirawo shi

A wannan wata tafiyarmu da nisa. Za mu yi gabas, mu ƙetare teku, mu sauka Singafur, cikin nahiyar Asiya, kusa da Malesiya.

Singafur tsibiri ne, wato ƙasa wadda ruwa ya kewaye. Gari guda ne, kuma shi ne ƙasar duka. Tsawonsa wajen kilomita 50. Mutum wajen miliyan 6 ke zaune ciki, yawanci a benaye masu tsawo. Amma baƙin da ke zuwa, ba benaye kaɗai suke kallo ba. Da yawa itatuwa da namun daji ke kawo su.

Da can tsibirin duk kurmi ne. Da Turawan Ingila suka zo a 1819, sai aka shiga sara ana yin gonakin kayan sayarwa, irin su masoro. Ba a cika shekara 100 ba kurmin ya ƙare, sai ɗan kaɗan. Damisar can, babba mai ratsi-ratsi, ta ƙarshe an harbe ta a 1930. Ragowar kurmin yana kan wani tudu da ake kira Bukit Tima. Baƙo na iya hawa da ƙafa, ya ga birai masu dogon wutsiya.

A 1963 shugaban gwamnatinsu, Li Kwan Yu, ya dasa itace da hannunsa, ya ce a bi. Daga 1971 suka sa ranar dashen itace kowace shekara, kamar tamu ta 3 ga Agusta. Sai dai su ruwan sama bai yi musu rowa ba. Abin da suke samu a shekara ya kai na Maradi sau 4.

Gidan namun dajinsu yana Mandai, an buɗe shi a 1973. Ba a cika kulle dabba cikin keji ba. Rami ake haƙawa, ko a sa ruwa tsakaninta da mai kallo. A 1994 suka ƙara wani wanda sai rana ta faɗi ake buɗewa, don a ga kura da giwa da sauran masu yawon dare. Akwai kuma itatuwan ƙarfe guda 18 da aka gina a 2012, wasu sun kai mita 50, da dare suna haske. Baƙi na son ɗaukar hotonsu. Ni dai a ganina, itacen da akuya ba ta ci ganyensa ba, sai dai a ce masa hasumiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne labarin kogin garin. Kogin ya yi wari, har kifi ya gudu. Daga 1977 zuwa 1987, shekara 10 cur, hukuma ta yi ta share shi. Da ruwan garin ya gyaru, kifi ya komo. Bayan kifi sai ga karnukan ruwa, waɗanda aka daɗe ba a gani ba. Ba wanda ya ɗauko su, da kansu suka zo. Yanzu suna ratsa titi iyali-iyali, masu mota na tsayawa su wuce.

Makiyaya, ga wadda za ku gane da sauri. A 1986 an yi babbar hanyar mota da ta raba kurmi biyu. Dabba in ta so ƙetarewa, sai mota ta take ta. A 2013 aka gina gada bisa hanyar, aka zuba mata ƙasa, aka dasa itatuwa. Burtali ke nan, amma na namun daji.

To, duk wannan da farashinsa. Lokacin sharar kogi an tada dubban iyalai daga bakin ruwa, aka kai su benaye. An tada masu kiwon alade da na agwagwa. Yau gonakin ƙasar ba su wuce kashi 1 cikin 100 na filinta ba, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na abincinsu sayowa suke daga waje. Su suna da kuɗin tashar jiragen ruwa da na bankuna. Wanda rumbunsa shi ne bankinsa ba zai iya wannan ciniki ba.

Zama da dabba ma ba sauƙi. Karnukan ruwa kan shiga gidan mutum su cinye kifin ado mai tsada, kuma doka ta hana shi taɓa su. Birai na fizge jakar abinci a hannun masu yawo, don an saba musu da kyauta. Shi ya sa a 2020 aka tsananta doka. Wanda aka kama yana ba namun daji abinci ba da izini ba, tararsa tun karon farko na iya wuce miliyan 2 na kuɗinmu sefa, ko da ayaba guda ya miƙa wa biri.