Kafin ka ƙwace na'urar, tambayi yaron ina ya je

Daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zango, kukan iyaye a kan 'ya'yansu ya kusa zama iri ɗaya: yaro ya manne wa gem, ba ya jin kira, ba ya barci, littafi kuwa sai ranar jarrabawa. Duk wanda ke bi ta Kejetia ya gangara Adum ya san daga ina abin ke shigowa gidajenmu. Ga tsofaffin PlayStation, ga laftof na hannu, ga masu zuba maka wasa a na'ura kana tsaye. Ni dai a matsayina na malamin aji, abin da nake kira gare shi shi ne mu fahimci abin da ke jan yaran nan tukuna, sa'annan mu sa iyaka. Wanda bai san ciwo ba, ba ya ba da magani.

Gem iri-iri ne. Na ƙwallo da na dambe da aka fi yi a shagunan unguwa, minti goma an tashi, wanda aka ci ya biya. Wanda nake magana a kai daban ne: wasan da ke buɗe wa mutum ƙasa sukutum, da duwatsu da dazuka da birane, ya ce masa je ka inda ka ga dama. Babban misali shi ne Skyrim, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar ranar 11 ga Nuwamba 2011, kuma a 2023 shugaban aikin, Todd Howard, ya ce an sayar da sama da kwafi miliyan 60. Akwai The Witcher 3 na ƙasar Folan, na 2015, da Elden Ring na kamfanin FromSoftware na Jafan, wanda ya ci kambun wasan shekara a 2022. A waya kuma akwai Genshin Impact na China, wanda ya fito a 2020.

To, mene ne daɗin? Na farko, fili. Ku dubi yadda muke zaune a zango: ɗaki da falo, mutum shida ko bakwai, tsakar gida na haya, lungun da ake ɗan buga ƙwallo an gina shago a kansa. Yaron da ya tashi a haka, sai aka ba shi doki da dutsen da yake hangowa daga nesa, aka ce in ka so za ka iya hawa har ƙololuwa. Wallahi ko babba ne sai ya zauna.

Na biyu, zaɓi. A gida an ce masa yi shiru, a makarantar allo an ce biya, a ta boko an ce kwafa. A Skyrim kuwa yana farawa ne a matsayin fursuna ɗaure a keken doki, ana kai shi wurin sare kai, ba suna ba dangi. Da ya kuɓuta, shi ke yanke wa kansa ko maƙeri zai zama, ko maharbi, ko ɗan kasuwa mai saye nan ya sayar can, kuma wane ɓangare zai bi a yaƙin basasar ƙasar.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna a matsayin malami: a can wahala ba ta faɗuwa ƙasa banza. In ka ƙera wuƙa, gwanintarka ta ƙira na ƙaruwa, kuma kana ganin lambar tana hawa nan take. A Elden Ring dodo ɗaya kan kashe ɗan wasa sau ashirin ko talatin, ya tashi ya sake gwadawa, ba wanda ya yi masa dariya, ba bulala. Yaron da muke rubuta wa "ba ya mai da hankali" a takardar sakamako, shi ne ke zama awa uku yana nazarin yadda dodo ke ɗaga hannu. Ashe hankalin na nan. A ajinmu ne bai ga inda zai zuba shi ba, domin a wurinmu sai ƙarshen zangon karatu yake sanin matsayinsa, kuma kuskure abin kunya ne a gaban 'yan'uwansa.

Wannan ba wanke gem ba ne. Akwai illa, kuma a fili take. Babbarta lokaci. An gina waɗannan wasanni ne yadda ba su da wurin tsayawa: ka fita neman takobi, a hanya ka haɗu da mai neman taimako, kafin ka gama nasa ka hango kogo. Mutum na iya kashe awa ɗari bai ga ƙarshen labarin ba. Awa ɗarin nan kuwa daga barci ake yankar ta, da sallar asuba, da karatun BECE. Yaron JHS 3 da ya kwana yana farautar dodo, gyangyaɗi zai yi a darasin lissafi, kuma kwamfutar da ke raba ɗalibai zuwa sakandare ba ta san ya kashe dodo ba. Sakamako kawai take gani, shi zai sa ya samu Prempeh ko T.I. Ahmadiyya ko Islamic SHS, ko ya rasa duka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem a jerin cututtuka a 2019, jerin ya fara aiki a Janairun 2022. Amma a lura da sharuɗɗanta: mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma galibi abin ya kai wata 12. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne cikin masu wasa ke kai wannan matsayi. Saboda haka ba kowane yaro mai son gem ne mara lafiya ba, amma wanda ya daina cin abinci da mutane, yana ƙarya don ya samu kuɗin data, a tashi tsaye a kansa.

Sai abin da ke ciki. A jikin kwalin akwai lambar shekaru da hukumar PEGI ta Turai ke bugawa, kuma yawancinmu ba mu taɓa dubawa ba. Skyrim da The Witcher 3 na 'yan shekara 18 ne zuwa sama, Elden Ring na 16. The Witcher 3 na da tsiraici ƙarara, bai dace da ɗan shekara 13 ba ko kaɗan. Akwai kuma tsafi da gumakan ƙirƙira a kusan dukkansu. Hukunci na malamanmu ne, ba nawa ba, sai dai ina roƙon su zauna su ga abin da idonsu kafin su yi magana, don yaro na saurin gane wanda bai san abin da yake hanawa ba.

Wanda ake cewa kyauta ne ma ya fi ban tsoro. Skyrim sau ɗaya ake saye. Genshin Impact kuwa kyauta ake saukewa, amma a ciki ana sayar da ƙuri'a: ka biya, a juya, ko ka samu jarumin da kake so ko ka tashi a tutar babu. Dokar caca ta Ghana ta 2006 ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 yin caca, amma ga ɗan'uwanta a tafin hannun yaro. A unguwannin da shagunan caca na ƙwallo suka riga suka cinye mana samari, wannan horo ne tun daga ƙuruciya.

Akwai wani abu kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mu da ake kira mutanen zango, sunan namu ma na matafiya ne: zango shi ne inda ayari ke sauka ya kwana. Kakanninmu fatake sun yi ta tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu, su ratsa Borgu, su yi watanni a hanya kafin su iso Salaga su sayi goron Asante. Akwai madugu, akwai jagaba mai sanin hanya, akwai 'yan fashi da kuɗin fito da sarakunan da sai an ba su gaisuwa. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa su, wasu Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru ya zauna har rasuwarsa a 1934, wasu Kintampo, wasu daga baya Kumasi. Duk abin da yaro ke nema a Skyrim yana cikin wannan tarihi, amma nawa cikin ɗalibanmu suka taɓa jin sa?

Wasu sun riga sun nuna hanya. 'Yan Folan daga littattafan marubucinsu Andrzej Sapkowski da tatsuniyoyin yankinsu suka gina The Witcher, har firaministansu Donald Tusk ya ba Barack Obama kwafin kashi na biyu kyauta a 2011. A Kamaru, Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016 da jarumai 'yan Afirka. A nan gida, Eyram Tawia, wanda ya yi karatu a KNUST, ya haɗu da abokinsa ɗan Kenya sun kafa Leti Arts a 2009, suna sa Ananse a wasa. Me zai hana ɗan Aboabo ya sa madugu?

Shawarata ga iyaye: na'ura ta kwana a ɗakin uba ko uwa, ba a ƙarƙashin matashin yaro ba. A duba lambar shekaru kafin a biya. A ware lokaci, Asabar ko Lahadi bayan makarantar Islamiyya, kuma lokacin salla ba ciniki. Kada a bar lambar sirrin MoMo a hannun yaro. In BECE ta matso, a yi yarjejeniya da shi a ajiye har a gama. Sannan ka zauna kusa da shi sau ɗaya ka ce, "Nuna mini inda ka kai." Fasa na'ura ba ya kashe sha'awar, shagon bayan layi zai koma, inda ba idonka.

Mu malamai kuma, aikin ya fi yawa a kanmu. Mu riƙa gaya wa ɗalibi ci gabansa kowane mako, mu bar shi ya sake gwada abin da ya faɗi ba tare da tozarci ba. Masu tarihi a cikinmu su zana taswirar hanyar goro a allo, su ce wa aji: kai ne madugu, ga jakuna hamsin, ga damina ta kusa, ta ina za ka bi? Kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin samarin zango da ke tara kuɗin gasar ƙwallo, su ware wani abu don laftof biyu ko uku da mai koyar da rubuta manhaja. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke nauyinsu.