Wai Tarihin Muhalli Ba Karatu Ba Ne?

'Yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a harabar jami'a, ya kamata a taka mata birki. Da zarar ɗalibi ya ce shi tarihin ilmin muhalli zai sa gaba, wato yadda tunanin mutane game da ƙasa da daji da ruwa ya yi ta sauyawa, sai a bushe da dariya, a ce karatun zaman kashe wando ne. Wai in gyaran ƙasa yake so, ya tafi sashen gandun daji ya koyi dashe. Haba jama'a!

Ku dubi Donald Worster, Ba'amurke, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Kansas. A 1977 ya fitar da Nature's Economy, ya nuna cewa masana muhalli su ma 'ya'yan zamaninsu ne, da idon zamanin suke kallon daji. A 1979 ya biyo da Dust Bowl, a kan guguwar ƙurar da ta turnuƙe filayen noman Amurka a shekarun 1930. Da yawa fari suke zargi. Shi kuwa ya ce kwaɗayin riba ne ya sa aka bi ciyawar da ke riƙe da ƙasa da motocin noma aka kafce don a shuka alkama, fari ya zo ya tarar da ƙasa tsirara.

To, mu ina ruwanmu? A 1935, ƙura na tsakiyar tashi a can, wani Baturen gandun daji, E. P. Stebbing, ya buga cewa Sahara na gangarowa Arewacin Nijeriya, ya ɗora laifin a kan manoma da makiyaya. Ingila da Faransa suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa, ya zagaya kan iyakar Nijeriya da Nijar daga 1936 zuwa 1937, ya dawo ya ce bai ga hamadar da ake faɗa tana tahowa ba. Wa ke tuna wannan rahoto? Maganar Stebbing ce ta yi tsawon rai, har yau ana rera ta a taruka, talaka na shan zargi a kan gonar da ya gada kaka da kakanni yana ciyar da ita da taki.

Ban ce ƙasa ba ta gajiya ba, tana yi. Amma mai dashe ba shi zai shiga ma'ajiyar takardu ta Kaduna ya tono asalin zargin nan ba. Sai ku gaya mana, a sassan Tarihi na jami'o'inmu, malamai nawa aka ɗauka don wannan aiki?