Ciyawar Akuya A Cikin Ɗaki

Yau zancena na akuya ne, amma ainihinsa na 'ya'yanmu ne.

Ni malama ce a nan Kazage, ƙasar Birnin Gwari. Da zarar rani ya yi nisa, in na kira suna a aji sai in tarar da gurbin 'yan mata biyu ko uku. In na tambaya, sai a ce iyayensu mata sun aike su daji neman ganyen awaki. Jama'a, kowa ya san abin da dajin nan ya zama. A 2022 muna ji muna gani maƙwabtanmu na Damari suka bar gidajensu saboda masu bindiga. An yi sulhu a Nuwamba 2024, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, mun gode Allah. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To, uwargida, ko kin san ana iya shuka ciyawa a cikin ɗaki da ruwa kaɗai, ba ƙasa, ba taki, ba lantarki? Ba wani sabon abu ba ne a wurinmu, ɗan'uwan tsiron da muke yi na kunun zaƙi ne. Abincin da Allah ya ajiye a cikin ƙwayar shi ke ciyar da tsiron na mako guda.

Ki sami ɗakin da iska ke ratsawa, mai taga, wanda rana ba ta dukan cikinsa. Ki nemi tire takwas, ki huda gindinsu da ƙusa, ki jera su a kan katako, a ɗan karkace don ruwa ya tsiyaye. Ki wanke masara, ki zubar da wadda ta taso sama, ki jiƙa sauran ta kwana. Da safe ki tsane ta, ki baza a tire, kaurin kada ya wuce na yatsa. Ki riƙa yayyafa ruwa mai tsabta safe da rana da maraice. Cikin kwana bakwai ko takwas za ki ga ta yi kore shar, saiwoyin sun sarƙe kamar tabarma. Sai ki naɗe, ki yayyaga, ki ba dabba har saiwar. In kina jiƙa tire ɗaya kowace rana, ba ranar da za ki rasa.

Amma ki kiyaye abu uku. Kada ki yi da dawa, domin ɗanyen tsironta yana da dafi irin na gyauro, yana kashe dabba. Kada ki yi da irin shuka da aka cuɗa da magani. In kuma kin ga funfuna ko kin ji tsami, ki zubar, ki wanke tiren da sabulu, ki shanya a rana.

Na san wata za ta ce, "Malama, masarar da za mu tuƙa ita za mu ba akuya?" Gaskiyarki. Ba zan ruɗe ki ba, yawancin nauyin ciyawar nan ruwa ne, ba za ta maye gurbin harawa da dusa ba. Ki ware ta don akuya mai shayarwa da ragon kiwo, a watannin da ɗanyen ganye ya yi wuya. Sa'an nan ki auna kuɗin mudun masara da hankalinki da ke tashi tun fitar 'yarki har ta dawo.

Ku kuma 'yan mata, wannan aikinku ne. Yayyafin safe kafin ku tafi makaranta, na rana in kun taso. Ku karanta wa iyayenku wannan shafi, ku gwada da tire ɗaya tukuna. Ina jiran ku a aji.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.