Kiredit Biyar Ko Buhun Albasa?

Duk mai sayen albasa a Aliero ya san halin mugun dillali: manya a bakin buhu, ruɓaɓɓu a ƙasa. Mu dai a ganinmu, irin wannan buhun ake ɗora wa yaranmu da yawa a ka da sunan takardar gama sakandare.

Ƙa'ida ta ce sai da kiredit biyar, har da Turanci, ake shiga jami'a. To, madalla. Amma wai shin ta yaya yaro daga ƙauyen Maiyama zai zo da kiredit a Kimiyya alhali bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba? Kowa ya san amsar, ana dai jin nauyin faɗa ne. Akwai cibiyoyin da ake biyan kuɗi a rubuta wa ɗalibai amsar WAEC ko NECO a allo, uba ya sayar da buhun gero ya biya, har a yi masa barka.

Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, ga yaron da bai taɓa taɓa ta ba sai ranar. Wanda ya tsallake ya shiga Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, nan malami zai tarar da mai kiredit a Turanci ya kasa haɗa jimla uku. Sai a ce yaron daƙiƙi ne. Ƙarya ne! Wa ya koya masa ya ƙi ganewa?

Masu kare lamarin suna cewa ai Kebbi na cikin jihohin da aka ware wa kaso na musamman a jami'o'in tarayya saboda koma-bayan ilimi. Kason kujera yake bayarwa, ba ya karanta wa kowa littafi. Kuma ƙasar da ta haifi Farfesa Attahiru Jega ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba.

'Yan'uwa marubuta, waɗannan yaran su ne masu karanta mu gobe, in har sun iya karatun. Muna neman Ma'aikatar Ilimi a Birnin Kebbi ta fito da lissafi, makaranta bayan makaranta, a Jega da Aliero da Maiyama: malaman Turanci nawa ne, na Lissafi nawa, kuma ɗakin gwaji nawa ne ke buɗe.